Matsefi Ɗaya Har Ƙarshen Gwado

Dakata, Malam, ɗauke hannunka daga kan na'urar nan tukuna. Kai da kanka ka zaɓi tsarin da ba a sauko da manhaja dafaffiya, sai ɗanya, kowa ya dafa tasa a kwamfutarsa. Tun shekaranjiya take ta fama, aiki ya kai rabi. Yanzu ka ji an fitar da sabuwar kwamfaila, wato ita wannan da ke juya rubutun masu shirya manhaja ya zama abin da kwamfuta ke aiki da shi, har jikinka na rawa za ka sauya ta a tsakiyar aiki. Zauna ka ji misalin wasu masaƙa biyu.

A wani gari an yi masaƙa biyu da ke saƙa a inuwar ɗorawa ɗaya, ɗaya gajere mai sanyin hali, ɗaya dogo mai zafin nama. Ardon wata ruga ya ba kowannensu aikin babban gwado. Ya ce da zarar an gama girbi za su tashi da shanu su yi kudu, wanda ya kawo nasa kafin a tashi shi ne masaƙin rugar daga ranar, wanda ya makara kuwa ya riƙe kayansa. Gajeren ya koma gida da wannan magana a ransa, domin bargon kanti ya janye masa masu saye, rugar nan ce kaɗai ta rage masa. Gwado kuwa ba a saƙa shi gaba ɗaya. Ƙwarya-ƙwarya ake yi, kowace faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sannan a jera su a ɗinke. Matsefi, wanda zare ke ratsa haƙoransa, shi ke yanke faɗin kowace ƙwarya da ƙarfin bugunta.

Aiki ya yi nisa sai ga wani ɗan koli da sabon matsefi mai haƙoran ƙarfe, yana ƙyalli, yana bugu da sauri, saƙarsa sumul. Gajeren ya ɗauka ya jujjuya, kuma gaskiya ransa ya biya, don nasa na kara ne, ya tsufa, har ya yi baƙi da gumin hannu. Ya saya, ya rataye shi a reshe, ya koma kan tsohon. Dogon ko ya kwance zarensa nan take ya zura a sabon, ya dubi maƙwabcinsa ya ce, "Kai dai zauna da tsohon karanka, aboki, shanu su je kudu su dawo su same ka a nan." Gajeren ya ce, "Da wanda na fara zan ƙare." Amma maganar dogon ta yi masa zafi, ba ƙarya, musamman da ya ga ƙwaryar dogon na tsawo kamar ana jan ta, mutane na tsayawa kallo, shi kuwa ko sannu ba a ce masa. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jefa ƙoshiyar saƙarsa.

Ranar da dogon ya kai nasa wurin maɗinki aka ga abin da ya faru. Ƙwaryoyin farko sun fi na baya faɗi, layukan ado ba su haɗu ba, ɗinkin ya yi ta tattarewa. Dole ya ajiye na farkon duka ya sake su da sabon matsefi. Yana cikin haka sai ya lura wani haƙori na da kaifi, yana tsinka zare. Ɗan kolin ya dawo da wani, ya rantse wannan an gyara. An gyara kuwa, sai dai faɗinsa ya ɗan bambanta, don haka dogon ya sake komawa farko, yana zagin zare, yana zagin maɗinki, kowa ya samu rabonsa ban da mai laifin, wato shi kansa.

Da safen da ruga ta tashi, ana ɗaure kaya a bayan shanu, sai ga gajeren da gwado a kafaɗa. Ardo ya sa aka shimfiɗa shi a ƙasa. Ƙwarya ta bi ƙwarya, layi ya haɗu da layi tun daga wannan gefe har wancan, ka ce da hannu ɗaya aka zana. Ardo ya shafa, ya ja, ya yafa a jikinsa a gaban jama'a, ya ce, "Madalla. Daga yau duk mai son gwado a rugar nan, ga masaƙinmu." Mata suka rangaɗa guɗa, aka cika masa ƙwarya da nono, gajeren ya ji daɗi har hawaye suka zo masa. A hanyar komawa ya yi kiciɓis da dogon yana tafe a guje, rungume da ƙwaryoyi kashi uku, kowane kashi mai kyau ne a karan kansa, babu guda da ya dace da ɗan'uwansa. Shanu kuwa sun riga sun ƙetare rafi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.