Kujerar Bakin Ƙofa

Lirwanu ba ya iya zama a ɗakin da aka kulle. Hakan ya samo asali ne daga yaƙin arewa maso gabas, ranar da aka rutsa da su a wani gini aka cinna masa wuta. Shi ya fita ta taga. Abokansa ba su fita ba.

Da aka sallame shi daga soja saboda rauni a kafaɗa, ya koma Gummi wajen mahaifiyarsa.

Inna ta ce, "Bindiga ta ishe ka hakanan. Tahi ka yi karatun noman nan, fadamar ubanka na jiranka."

Ya samu gurbi a wata jami'a. A aji kullum yana bakin ƙofa, bayansa jingine da bango. Ɗalibai suka sa masa suna Kofur Maigadi. Ya taɓa zuwa ofishin sashensu don ya yi bayani, aka ce masa nan ba bariki ba ce.

Ranar jarrabawa aka jera kujeru bisa lamba. Tasa ta faɗo tsakiyar zaure. Ya sami Malam Gwadabe, mai sa ido a ranar.

"Malam, a taimaka a bar ni kusa da ƙofa."

"Don a miƙo maka amsa daga waje? Ƙato da kai. Koma kan lambarka."

Aka rufe ƙofa, aka sa sakata. Can sai hayaƙin janareta ya shigo ta taga. Gumi ya karyo wa Lirwanu, rubutu ya daina ganuwa. Ya zabura, ya ture tebura, ya bangaje Malam Gwadabe, ya ɓalle ƙofar ya fita da takardar amsa a hannu.

Kwamitin ladabtarwa ya kira abin da ya faru satar jarrabawa da dukan malami. Lirwanu ya ce, "Wallahi ban san da takarda a hannuna ba." Wani ya yi dariya. Babu wanda ya ce a kira likita. Aka kore shi, ya koma Gummi.

A lokacin 'yan bindiga sun matsa wa ƙauyukan da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Makau, shugaban 'yan sa-kai, ya yi sallama a gidan su Lirwanu.

"Boko ya ƙi ka, mu muna son ka. Ko sai an kwashe shanun garin ga kana kwance kamar mai jego?"

Inna ta ce, "Makau, ji tsoron Allah. Yaron ga bai warke ba."

"Inna, wa ya warke a ƙasar ga?"

Lirwanu ya karɓi bindigar da Makau ya miƙo masa. Ba a kai ga yankan shinkafa ba aka kawo gawarsa daga daji a kan babur, naɗe cikin tabarma. Makau bai shiga gidan ba. A waje ya ajiye gawar.

Mai karatu, ba kowane raunin yaƙi ake gani da ido ba. Jami'ar da ta ɗauki tsohon soja ta tanadar masa likita da mai sauraronsa, kuma ta tambaya kafin ta yanke hukunci.