Waya Mai Kauri da Inuwar Darbejiya

Kai da kake ganin duk abin da bai kama nan take ba ya mutu, gyara zama ka ji. An yi wasu masu gyaran tocila su biyu a bakin tasha, ɗaya dogo ɗaya gajere, kullum cikin rigima a kan inuwar darbejiya guda, don duk wanda ya kafa teburinsa a nan wurinsa direbobi ke tsayawa. Da sigarin lantarki ya shigo gari, wannan da ake nannaɗa 'yar waya a cikinsa, a cusa auduga jiƙe da ruwan ƙamshi, batir ya gasa ta tururi ya tashi, sai su biyun suka koma naɗa wayar da hannunsu. Mai shayin tashar ya gaji da rabon faɗa, ya ce kowa ya naɗa tasa, a ja a busa. Wanda tururinsa ya rufe masa fuska, inuwa ta zama tasa. Gajeren nan kuwa shaƙiyyi ne na ƙin ƙarawa. Ya sha ƙona yatsu har ya gane siririyar waya saurin yin ja gare ta, amma ba ta da jiki, auduga kaɗan take taɓawa. Mai kauri sai ta yi nawa, ta sha batir, amma in ta gasu ko'ina a jikinta tururi take fitarwa. Sai ya dinga zagaya siririyar a kan tiren da aka jera wayoyin gasar yana lasar baki, yana cewa, "Allah ya sa dogo bai ga wannan ba." Dogo ya yi wuf ya cafke ta, har da gwalo.

Ranar gwaji dogo ya danna, wayarsa ta yi jajir kafin ƙiftawar ido, 'yan kamasho suka ɗau tafi. Ya ja da ƙarfi, auduga ta babbake, ya turnuƙe da tari, hawaye shaɓe-shaɓe, abin da ya fito bai kai hucin kofin shayi ba. Gajere ya saka batirinsa mai ƙarfi ya danna, shiru. Aka kwashe da dariya: "Malam, ko a ɗebo maka garwashi?" Bai ɗaga yatsa ba, sai murmushi yake kamar an yi masa albishir. Can wayarsa mai kauri ta fara cuuu, ya ja a hankali, ya busa. Wallahi hularsa kaɗai ake hange. Mai shayi ya laluba butarsa ya rasa, wani direba ya kunna fitilar mota don tsokana. Daga cikin farin hazon nan aka ji muryarsa: "Dogo, kama mini ƙafar tebur mana, ai kai ne mai tsawon hannu." Dogo ya kama suka kai teburin inuwa, sannan ya ja nasa zuwa cikin rana. Shi ya sa Bahaushe ya ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.