Matar da Ta Daka Turmi Babu Hatsi

Barira, kwance majanyin nan ki zauna. Kwana huɗu ke nan ina jin takunki a tsakar gida, kina zagaye da yaron nan a baya har kiran assalatu. Ke ba ki runtsa ba, ni da ɗakina ke jikin naki ban runtsa ba. Ni kakarki ce, na tsufa, ba ni da ƙarfin maimaita magana. Misali ɗaya zan ba ki, in kin ga dama ki ɗauka.

An yi wata mata mai dakau a wani ƙauye. Mutane su kawo mata gero da dawa, ta surfa, ta daka, da haka take ci. Allah ya ba ta ɗa namiji, ɗan fari. Da ta gama wankan jego ta koma bakin turmi da shi a baya, sai ta lura da abu guda. Da zarar taɓarya ta fara sauka, jikinta yana sunkuyawa yana miƙewa, sai yaro ya yi luf, barci ya kwashe shi. Ta ce ta samu magani. Ya yi kuka da hantsi, turmi. Ya yi da la'asar, turmi. Wata tsohuwa a gidan ta ce mata, "Ke 'yar nan, ki riƙa sauke shi a tabarma ya san ƙasa. Kukan kwana uku zai yi ya haƙura." Ta ce, "Haba Inna, ga maganin kuka a hannuna, sai in zauna ina sauraren kuka?" Tsohuwa ta ƙyale ta.

Shi kuwa yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wuyansa ya tsaya. Aka girka shi ya iya zama. Ya fara haƙori, ga dalala, ga cizon nono. Ya fara rarrafe. Kowane sabon abu ya koya, sai ya zo da nasa rashin barcin, haka kowane yaro yake. Amma 'ya'yan wasu in sun farka, a ɗan bubbuga musu baya su koma. Nata bai san barci ba sai da turmi. A kwantar da shi, kamar an ɗora shi a kan garwashi. Uban ya gwada, ya saɓa shi a kafaɗa ya yi ta zagaye, yaro ya ƙi, don kafaɗar uba ba ta daka. To, dare ba lokacin daka ba ne, kuma ba mai kawo hatsi da dare. Sai ta riƙa cusa tsumma a cikin turmi don kada maƙwabta su ji, ta goya shi, ta tsaya cikin duhu tana dakan tsumma. Da rana ta daka wa mutane, da dare ta daka wa yaro. Shi yana ƙara nauyi, ita tana ramewa. Majanyi ya ci mata ƙirji. Ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, tana mayar wa mai gero dawa, har masu kawo aiki suka fara janyewa.

Ran nan, yana da wata goma, ya soma dafa bango yana miƙewa, barci ya sace ta a tsaye da taɓarya a sama. Taɓarya ta sauka a leɓen turmi, turmi ya kife, ita ma ta bi shi. Allah ya sa ta tuna da abin da ke bayanta, ta faɗi ta gaba ta tokare da hannu. Yaro ko ƙwarzane bai yi ba. Hannunta ne ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya ce kwana arba'in ko ludayi kada ta ɗaga. Babu daka, babu goyo. Aka kwantar da yaro a tabarmar da ya kamata ya saba da ita tun yana jinjiri. Yanzu kuwa ga murya, ga ƙarfi, ga wayo. Kwana goma sha biyu yana tsala ihu, yana rarrafawa wajen turmi yana dukansa da tafin hannu, uwa tana zaune da hannu a rataye tana nata kukan. A na sha uku ya gaji, ya miƙe a tabarma ya yi barci har rana ta fito. Kukan kwana uku ta guda, ta sha na sha biyu, ga karaya a kai.

Naki yau watansa biyar. Ba ki da turmi, amma ƙafafunki sun zama taɓarya. Ban ce ki bar shi da yunwa ba, ban ce ki bar shi cikin fitsari ba, in jikinsa ya yi zafi kuwa ki kai shi asibiti. Da rana ki yi goyonki, ba wanda ya hana. Amma in dare ya yi, ki ba shi nono ya ƙoshi, ki kwantar da shi rigingine, ki zauna kusa da shi da hannunki a jikinsa, ya ji kina nan. Zai yi kuka. Ke ma za ki yi. Ni ma na san ba barci zan samu ba, na saba, tara na goya. Miƙo min majanyin, yau shi zai kwana a ɗakina, yaro kuwa a wurinki. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini, tun ran zane.