Mai Ɗaukar Murya da Baƙon Rumbu

Ajiye kwamfutar nan tukuna, Malam, kada ka goge komai. Na ga fuskarka, na san ka riga ka yanke mata hukunci tun daga gida. Saurari labarin wani mutum, in na gama sai ka yi abin da ka ga dama.

Mutumin nan yana da gwaggo tsohuwa tukuf, wadda ita kaɗai ta rage a danginsu da ta riƙe waƙoƙin niƙa da na daka. Ta zo birni ganin likitan ido, kuma ta ce ranar kasuwa za ta bi mota ta koma ƙauye kafin ruwa ya cinye hanya. Shi kuwa ya ƙudura sai ya ɗauki muryarta, don ya san irin wannan zuwan ba a cika maimaita shi ba. Yana da makirufo mai kyau da wata kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, irin taka, da manhajar ɗaukar sauti da ba ta taɓa ba shi kunya ba. To, ka san Linux tana da rumbunta na manhajoji, inda aka auna komai ya dace da ɗan'uwansa, domin kowace babbar manhaja a kan ƙanana take tsaye. Sai idonsa ya faɗa kan sabon samfurin manhajar a intanet, mai sheƙi da maɓallai kala-kala. Bai same shi a rumbun gida ba, sai ya jona wa kwamfutar wani baƙon rumbu. Ta jero masa gargaɗi cewa za ta sauya wannan, ta cire wancan, shi kuwa gogan naka ko layin farko bai karanta ba ya amince. Da aka gama, sauti ya ɗauke ɗif. Rabin kayan na gida, rabi na baƙo, kamar an ɗora wa tukunya murfin da ba nata ba. Ya ce wa kwamfutar ta ƙarasa saka sabon samfurin, ta ƙi. Ya ce ta cire, ta ƙi. Ya gwada ɗaukar tsohuwar da wayarsa, muryar ta fito kamar daga cikin rijiya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ga kunya, domin shi ya jawo wa kansa.

Abokansa suka ce ya share komai ya sake sabon zubi, amma ya san kafin ya tattara kayan aikinsa ya daidaita su, motar kasuwa ta yi nisa. Sai ya zauna ya yi abin da ya ƙi yi tun farko: ya karanta saƙon da kwamfutar ke ta maimaita masa. Ashe ba ƙin aiki take yi ba, ƙara take kawowa. Wannan manhaja na neman waccan, waccan na neman wata, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ya isa kan wata 'yar ƙarama mai kula da sauti, wadda baƙon rumbun ya musanya. Ya nemi sunanta a dandalin masu amfani da Linux, ya tarar wani bawan Allah da bai san shi ba ya daɗe da rubuta maganin, kyauta. Ya cire baƙon rumbun, ya dawo da tsohon samfurin 'yar ƙaramar, sauran suka biyo ta suka koma mazauninsu. Ya ƙwanƙwasa makirufo, ya ji ƙwas a kunnensa. Tsohuwar tana kan tabarma tana kallonsa da idonta mai magani, ta ce, "Kai da injin naka kun gama shawarar? Ni dai mota ba za ta jira ni ba." Ta gyara zama ta fara, ba ta tsaya ba sai da waƙoƙin suka ƙare. Ta koma ƙauye ba ta sake zuwa birni ba, amma yau 'ya'yansa mata, waɗanda ba su taɓa riƙe taɓarya ba, suna rera su suna wanke-wanke.

Saboda haka buɗe kwamfutarka mu karanta abin da take faɗa, mu ga wane baƙo ka shigo mata da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.