Layi a Kan Shuɗi

Karo na huɗu ke nan injin buga talla yana fitar da tallar kamfanin ruwan sha, leda mita shida shuɗiya tas, da hoton kwalba ɗaya a tsakiya. Maigida ya ja baya taku uku, ya kanne ido ɗaya kamar yadda ya saba in zai duba aiki, sannan ya ja dogon tsaki.

"Ga shi nan dai. Layi baƙi-baƙi, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan."

Dogo, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa injin, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ledar. "A ina daidai, Maigida?"

"A goshinka."

Sauran ma'aikata suka yi dariya, don a shagon nan dariyar maganar Maigida tana cikin aiki. Mutumin bai taɓa sanin inda ake zuba tawada ba, amma kullum cikin cika baki yake wai ko ƙwayar ƙura ba ta wuce shi. Da la'asar masu kamfanin ruwan za su zo karɓar aikinsu, kuma ya riga ya rantse: in layin ya sake fitowa a bugu na biyar, Dogo ya ɗauki hularsa ya kama gabansa.

Dogo ya koma kan injin. Ya buga takardar gwaji, ya bi ƙananan ramukan da tawada ke fesowa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya toshe. Duk da haka ya wanke kan injin, ya goge shi da ƙyalle mai laushi. Ya duba bututun tawada ko iska ta shiga. Ya daidaita yadda ledar ke tafiya, ya rage gudu, har fanka ya kashe don kada ta kaɗa ƙura. Maigida na zaune a kujera yana masa kallon hadarin kaji.

Aka kira injiniya. Ya iso da ƙatuwar jaka da ƙamshin turare, ya kalli ledar, ya kalli Dogo, sannan ya daɗe yana kallon fuskar Maigida. Nan ya gano abin da ya kamata ya gani.

"Lallai kam akwai ɗan abu, ranka ya daɗe. Inji lafiyarsa ƙalau. Sakacin mai kula da shi ne."

Bai ko zuge jakar ba. Irinsu ke nan, gwanaye wajen gyaran ran mai shago.

Bugu na biyar ya fito a hankali, yana warin sabuwar tawada. Maigida ya tashi, ya ja baya, ya kanne ido.

"To? Me za ka ce kuma?"

Dogo ya goge hannunsa. Ya ɗago kai ya dube shi. "Maigida, ka yi haƙuri. Wallahi tun safe ni ban ga layi ba."

Maigida ya zaro ido.

"Ba ka gani ba? Ashe makaho na ajiye shekara da shekaru!" Ya juya ga sauran. "Ku fa?"

Kowa ya gyaɗa kai da sauri. Mai yankan leda ya nuna saman kwalbar, mai zane a kwamfuta ya nuna ƙasanta, suka haɗa ido, suka sauke hannu. Abin haushi, duk cikinsu babu wanda Dogo bai koya wa aiki ba.

Dogo ya cire rigar aiki, ya ninke, ya ɗora a kan injin. Ya saka farar rigarsa, ya yi musu sallama, ya fita.

Maigida ya bi shi har bakin ƙofa don ya ƙara masa ɗaya. Rana ta dalle masa fuska, ya runtse ido guda yana hararar bayan mutumin. Sai ya tsaya cak. Layin yana nan baƙi-baƙi, ya ratsa farar rigar Dogo, ya ratsa katangar tsallaken titi, kuma da ya ɗaga kai, ya bi shi har sararin sama.