Mai Raƙumi da Kajin Maƙwabci

Zargi idan ya shiga zuciya, ido ba ya ƙara ganin abin da ke gabansa, sai abin da ke bayan katanga. Ga misali.

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da raƙumi guda da yake dakon gero da shi zuwa kasuwa, ga kuma tumaki da awaki a garken bayan gida. Raƙumin nan shi ne cinsa, shi ne shansa. Kullum da safe kafin ya ɗora masa kaya sai ya gurfanar da shi, ya bi ƙarƙashin wutsiya da hammata da tsakanin cinyoyi yana cire kaska, irin waɗanda suka sha jini suka yi ɓul-ɓul kamar 'ya'yan zurma. Yana cirewa yana watsawa gindin katanga, yadda ya ga ubansa na yi. Ko waiwayawa ba ya yi, domin kajin maƙwabcinsa sun san lokacin, ta wata kafa a jikin darni suke shigowa su tsince su tas. Ana nan sai rigima ta haɗa shi da maƙwabcin a kan iyakar gona, har maƙwabcin ya ce cikin fushi, "To, mu zuba mu gani." Ba a jima ba wani rago da ya sayo a kasuwa ya daina cin harawa, jikinsa ya yi zafi, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Manomin ya dubi ragon, ya tuna da waccan magana, sai zargi ya ɗarsu a ransa. Daga ranar komai na maƙwabcin ya zama abin tuhuma. In ya yi masa sallama, ya ce gatse ne. In hayaƙi ya taso daga gidansa, ya ce turaren asiri ne. Kajin kuwa, ai su ne 'yan aike, in ba haka ba me ya sa kullum sai gindin turken raƙumi suke nufa? Ya samo ƙaya ya toshe kafar. Ya hana dabbobinsa zuwa rijiyar unguwa, kada a barbaɗa musu wani abu a kwami. Ya tsare su a garke, ruwa da abinci duk a nan. Amma cire kaska da watsa ta gindin katanga bai fasa ba, hannu ya riga ya saba.

Abin da bai sani ba, kaskar da ta ƙoshi ba mutuwa take yi in an jefar da ita ba. Tunda yanzu babu kajin da za su tsince ta, rarrafawa take yi ta shige tsagar katanga, ta zuba ƙwai dubbai, su ƙyanƙyashe su fito da yunwa. Kuma ba shan jini kaɗai ne aikinta ba, tana ɗauko ƙwayoyin cuta daga jinin wannan ta zuba a na wancan, su yi ta cin jinin daga ciki. Da damina ta kankama sai tumaki suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe idon tunkiya ka ga cikinsa fari fat, na wata kuma ya yi rawaya, fitsari ja kamar zoɓo. Awaki suka bi sahu. Mahauci ya yanka wata ya nuna masa saifa ta kumbura, jini tsararo kamar an sirka da ruwa. Manomin ya kaɗa kai, a ransa ya ce ai dama aikin sammu ke nan, shanye jini. Matarsa ta ce, "Malam, da ka kira malamin dabbobi ya duba." Ya ce, "Allura ba ta maganin mugun maƙwabci." Sai da raƙumin da kansa ya fara ramewa, tozonsa ya zube, idanunsa na hawaye, a gurfanar da shi ya ƙi tashi, sannan ya tabbatar wa kansa an binne masa wani abu a garken. Ya ɗauko fartanya ya shiga tonon laya. Ya tone gindin turke bai ga komai ba. Ya kai sara jikin katanga, yaɓen ya ɓantaro, sai ga kaska damƙam a ciki, manya da ƙanana, ga ƙwai curi-curi, daidai inda yake watsa su kowace safiya. Ya tsaya da fartanya a hannu, suna hawa ƙafarsa. Ran nan aka kira malamin dabbobi, ya yi allurai, aka yi feshi, aka babbake gindin katanga aka sake yaɓe. 'Yan awakin da suka rage sun farfaɗo. Raƙumin kam magani ya same shi a makare, sai wuƙa. Yankan raƙumi kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Da aka nemi masu riƙe igiya, wanda ya fara shigowa yana naɗe hannun riga shi ne maƙwabcin, ya ce, "Sannu da rashi, Allah ya mayar da alheri." Manomin ya amsa, amma bai iya ɗaga ido ya dube shi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.