Talabijin Goma na Don Eusebio

"Peso miliyan uku!" Don Eusebio ya daka tsawa yana hararar Ofelia.

Shekara shida shagonta na kallon nasa a birnin Rosario, tana kwashe masa masu saye. Shi kuwa ba ya zuwa ranar duba kaya kafin gwanjo. Dabararsa ɗaya ce: duk abin da Ofelia ta taya mai kyau ne, sai ya ɗora a kai. Yau ana gwanjon kayan wani kamfanin kujeru da ya karye, ga ta tana taya manyan talabijin goma da ke jere a bango.

"Uku da rabi," in ji ta.

"Ke, sauke hannun nan kafin ya ƙage! Huɗu!"

"Huɗu da rabi. Tsoho, haɗama za ta kashe ka."

"Ina ruwanki? Biyar!"

Ta ja tsaki, ta sauke hannu. Mai gwanjo ya buga guduma: an sayar, ba mayarwa.

Da aka zo kan kwamfutocin ofis, aljihunsa ya riga ya bushe. Yana ji yana gani ta kwashe su a tayin farko.

Ya naɗe hannun riga, ya yunƙura da ƙarfi zai sauke talabijin na farko. Saura ƙiris ya faɗi da baya. Fankon roba ne, irin wanda ake kafawa don falon talla ya yi kyau.

Ofelia ta ratsa ta gabansa tana murmushi.

"Jiya na ɗaga su duka goman," ta ce. "Da yatsa ɗaya."